Sauya Kamshaf a Motar A-kori-kura Mai Shan Gas: Ƙarin Ƙarfi Ne Ko Ƙarin Kashe Kuɗi?

Duk mai yawan kallon bidiyon motoci a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irinsa: wata ƙatuwar a-kori-kura a Amurka, an ɗaura mata kaya mai nauyin gaske, tana ja tana gurnani, baƙin hayaƙi na tashi sama kamar an cinna wa taya wuta. A ƙasan bidiyon an jera abubuwan da aka sauya mata, kuma kusan kullum akwai kamshaf a ciki. Daga nan sai talla ta fara bin mutum duk shafin da ya shiga: kamshaf na musamman, ƙarin ƙarfi, ragin shan mai, a biya da kati a kawo har gida.

Ga matashin da ke tuƙa Hilux ko L200 ta gidansu a Tafoki, cikin ƙaramar hukumar Faskari, wannan ba zancen nishaɗi ba ne kawai. Motar ita ce ke kai taki gona da damina, ita ce ke kwaso masara da dawa da waken suya da kaka, ta kai su Funtuwa ko Sheme ko Dandume. Idan ta fara nauyin jiki a hawa, tana neman giya biyu a inda da take wucewa da uku, kowa a gidan yana ji a aljihunsa. To ga talla ta ce akwai ƙarfe ɗaya da zai warware matsalar. Shin gaskiya ne?

A taƙaice, ga motar da ke aikin ɗaukar kaya da injinta na kamfani, sauya kamshaf ba ya biyan kuɗinsa. Amma dalilin ya fi amsar amfani, domin wanda ya gane dalilin shi ne zai san inda ya kamata kuɗinsa su tafi. Abin lura tun farko: da yawa daga cikin Hilux ɗin da ke yawo a Najeriya masu shan fetur ne, masu inji 2.7. Wannan bayani a kan masu shan gas yake, wato dizal.

Mene ne kamshaf, kuma me yake yi?

Inji numfashi yake yi. Kowace silinda tana da ƙofofi da ake kira bawul, wasu na shigar iska, wasu na fitar hayaƙi. Kamshaf wani dogon ƙarfe ne mai tozaye a jikinsa, kamar tozon sa. Idan yana juyawa, kowane tozo yana danna bawul ɗinsa ya buɗe, da ya wuce sai sifirin ya mayar da shi ya rufe. Karanshaf ne ke juya shi ta hanyar bel ko sarƙa ko haƙoran giya, kuma duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf ɗaya yake yi. Ma'ana idan allura ta nuna inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya.

Siffar tozon ce ke yanke abubuwa uku: zurfin buɗewar bawul, tsawon lokacin da zai zauna a buɗe, da ɗan lokacin da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare. Kamshaf ɗin da ake talla, tozonsa ya fi na kamfani tsayi ko faɗi, don ƙofa ta buɗe sosai ta kuma daɗe. Mai karatu zai iya ɗaukarsa kamar jadawalin da aka rubuta da ƙarfe. Ba manhaja ba ce da za a sabunta idan ba ta yi ba. Da an sassaƙa shi an gama.

A injin fetur, wannan dabara tana aiki ƙwarai. Injin fetur yana cakuɗa iska da mai a ƙayyadadden ma'auni, don haka yawan iskar da ya iya zuƙa shi ne iyakar ƙarfinsa. Kuma yana gudu har juyi 6,000 ko fiye a minti, inda lokacin zuƙar iska ke ƙanƙancewa matuƙa. A can sama, ƙofar da ta ƙara daɗewa a buɗe riba ce. Daga duniyar motocin tsere masu fetur ne sunan kamshaf ya yi tashe, har mutane suka ɗauka kowane inji haka yake.

Injin gas ba haka yake ba

Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta yi zafin gaske, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Idan direba ya taka totur, ba iska yake ƙarawa ba, mai yake ƙarawa. Kilo ɗaya na gas yana buƙatar kimanin kilo 14.5 na iska kafin ya ƙone duka, kuma injin yana aiki ne da rarar iska fiye da haka. Saboda haka idan aka ƙara masa iska ba a ƙara mai ba, ƙarfin da za a samu kaɗan ne. Idan aka ƙara mai ba iska, sai baƙin hayaƙi, wato kuɗi ne ke fita ta salansa ba su yi aikin komai ba.

Na biyu, injin gas ba ya gudu da nisa. Yawancin na a-kori-kura suna ba da iyakar ƙarfinsu tsakanin juyi 3,400 zuwa 4,000, kuma aikin ɗaukar kaya na gaske ana yinsa ne a wajen 1,500 zuwa 2,500. A wannan gudun, bawul yana da isasshen lokacin cika silinda. Kamshaf mai jinkirta rufe bawul na shiga yana taimakawa ne a can sama inda mai ɗaukar buhuna ba ya zuwa, a ƙasa kuma yana barin wani ɓangare na iskar da ta shiga ta koma waje kafin matsi ya fara. Sakamakon shi ne motar ta rasa ƙarfin tashi daga tsaye, wanda shi ne ainihin abin da ake nema idan taya ta nutse a laka a bakin gona. Kuma tunda da matsi injin ke kunna mansa, raguwar matsi tana nufin wahalar tashi da sanyin safiya. Wanda ya taɓa neman masu tura mota da asuba a watan Janairu, hunturu na kaɗawa, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na uku, akwai turbo. Wannan wata fanka ce da hayaƙin injin ke juyawa, ita kuma ta cusa iska cikin silinda da ƙarfi. A injin da ke da turbo, ita ce ke yanke yawan iskar da za ta shiga fiye da siffar tozon kamshaf. Kamar wayar da ke jan ƙafa a intanet ce saboda sabis ɗin garin sanda ɗaya ne: ko an sayi mai RAM 12, bidiyo zai ci gaba da tsayawa, domin ba nan ne wuyan kwalbar yake ba.

Alƙaluman Toyota da kansu sun isa misali. Tsohon injin 5L-E, wanda ba shi da turbo, girmansa lita 3.0 ne, yana ba da ƙarfin doki kusan 95 da ƙarfin murɗa Nm 197. Injin 1KD-FTV shi ma lita 3.0 ne, amma yana ba da doki kusan 170 da Nm 343. Gaskiya ne kansa daban ne, bawul 16 gare shi maimakon 8, amma babban abin da ya kusa ninka ƙarfin shi ne turbo da sabon tsarin fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa. Injin 2KD-FTV mai lita 2.5 ya fi ma nuna abin a fili: an sayar da shi da doki 102, an kuma sayar da shi da doki 144, bayan an ba shi turbo mai sauya fukafukai da na'urar sanyaya iska da sabon saiti. Haka a 2020, da kamfanin ya ɗaga injin 1GD-FTV mai lita 2.8 daga doki 177 zuwa 204, ƙarfin murɗa daga Nm 450 zuwa 500 a mai giyar otomatik, abubuwan da ya sa a gaba su ne babbar turbo, gyaran tsarin fesa mai, da inganta sanyaya inji. Masu ƙera injin, da duk kayan gwajin da suke da su, idan suna neman ƙarfi ta nan suke bi.

Inda haɗarin yake

Akwai wani abu da talla ba ta cika faɗa ba. Don injin gas ya samu matsin da yake buƙata, fistin yana hawowa har ya kusa taɓa kan silinda. Injin fetur 2.7 na Hilux yana matse iska kusan ninki 10. 1GD yana matsewa ninki 15.6, tsohon 5L kuwa ninki 22.2. Saura wurin da ke tsakanin fistin da bawul a saman tafiya ɗan ƙanƙani ne ƙwarai. Kamshaf mai zurfin buɗewa, ko wanda aka ɗaura da kuskuren haƙori ɗaya, yana iya haɗa su karo. Idan suka haɗu, bawul ya lanƙwashe, fistin ya fashe, wani lokaci har kan silinda ya tsage. Ba gargaɗi, ba fitila a dashbod. Ƙara ɗaya ce mota ta mutu.

Shi ya sa masu yin aikin da gaske suke auna wannan tazara kafin su tayar da inji, su sauya sifirin na bawul, wani lokaci su sassaƙe kan fistin su yi wa bawul gurbi. Kamshaf ba ya zuwa shi kaɗai, da danginsa yake tafe. A 2KD da 1KD ma guda biyu ne, ba ɗaya ba. Ga gasket, ga sil, ga bel, ga kuɗin aiki, ga kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta shigo da ko sisi ba. Idan da kaka ne, waɗannan kwanakin su ne mafi tsada a shekara.

Sannan akwai maganar ingancin ƙarfen. Wasu kamshaf ɗin da ake sayarwa da arha tsofaffi ne aka goge bayansu don tozon ya zama kamar ya ƙara tsayi. Fatar kamshaf a taurare take, amma taurin ba ya zurfi sosai. Idan gugar ta wuce shi ba a sake taurarawa ba, tozon zai cinye cikin ɗan lokaci, garin ƙarfen ya bi bakin mai ya shiga ko'ina, har cikin turbo. A hoto a waya babu mai iya bambance nagari da wannan.

A wani wuri, lalacewar mota a hanya asarar lokaci ce da kuɗi. A hanyoyin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda shekarun nan matsalar tsaro ta sa direbobi ke lissafin su isa gida kafin rana ta faɗi, motar da ta mutu da la'asar sakaliya a tsakiyar daji wani abu ne daban. Duk gyaran da zai ƙara ƙarfi kaɗan ya rage tabbacin isa gida, a wannan yanki ciniki ne na faɗuwa.

To me ya sa 'yan Amurka suke yi?

Ba ƙarya suke yi ba, motarsu ce ba irin ta nan ba. Injin Cummins da aka fara sa wa Dodge Ram a 1989 lita 5.9 ne, na yanzu 6.7; Duramax na Chevrolet 6.6; Power Stroke na Ford 6.7. Kowanne ya ninka na Hilux kusan sau biyu ko fiye. Masu gasar jan kaya da tsere suna fara ne da manyan nozul, su sauya famfon mai, su sa turbo babba ko biyu, su ƙarfafa giya da kulochi, su ɗaga iyakar gudun injin nesa da inda kamfani ya tsayar. Bayan duk wannan, sai numfashin bawul ya zama shi ne abin da ya rage yana tauye su. A nan kamshaf ke da amfani: yana taimaka wa babbar turbo ta ɗauka da wuri, ya ɗan rage zafin hayaƙi. Wato shi ne na ƙarshe a layi. Bidiyo ne kawai ke nuna shi kamar shi ya yi aikin duka, kuma ƙarin da aka gani a allon gwaji na duk kayan ne a haɗe.

Baƙin hayaƙin nan ma da ke burge 'yan kallo, man da bai ƙone ba ne. Mai gasa ya yarda da asararsa na daƙiƙu kaɗan. Wanda ke sayen gas a Najeriya, inda lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2023, ba shi da wannan sararin.

Ina ƙarfin motar ya tafi?

Yawancin a-kori-kurar da ke aiki a karkarar Katsina ba ƙarin ƙarfi suke nema ba, wanda suka zo da shi ne ya zube a hanya. Filtar iska ita ce ta farko. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji suna toshe ta da sauri fiye da yadda littafin kamfani ya yi hasashe, kuma busa ta da iska mai ƙarfi sau da yawa yana huda takardar, ƙura ta wuce ta ci fukafukan turbo da ringi. Ta biyu filtar mai. Gas ɗin jarka da aka saya a bakin hanya yana iya zuwa da ruwa ko datti ko haɗin kananzir. Injunan zamani suna fesa mai da matsin da ya haura bar 1,300, sababbi ma sun wuce 2,000, alhali iskar taya ba ta cika wuce 3 ba. A irin wannan matsi, ɗan ruwa da yashi sun isa su cinye bakin nozul. Nozul da ya lalace yana ɗiga maimakon fesawa: ƙarfi ya ragu, mai ya ƙaru, wani lokaci har ya ƙona fistin.

Bayan su akwai tiyon turbo da ya tsage yana zubar da iska, bawul ɗin mayar da hayaƙi da ya cika da toka, tazarar bawul da ba a taɓa saitawa ba, birkin da ke riƙewa, da lagireton da laka ta toshe. Ko ƙasar kanta tana cin nata kaso: kudancin Katsina tudu ne, wurare da yawa sun haura mita 600, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 na tsayi, kafin a yi maganar zafin Afrilu da ke ƙara sirantar da iska.

Sai kuma wadda ba a son ji. An ƙera Hilux ne ta ɗauki kusan tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo 100. Wanda ya ɗora ashirin, ya zaunar da fasinja a kai, sannan ya ce mota ba ta ja, ba kamshaf ne ya yi masa laifi ba.

A nan wayar hannu take da aikin yi. Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa a kafar da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja irin su Torque ko Car Scanner, mutum zai ga zafin ruwa, gudun inji, matsin iskar da ke shiga, da lambobin matsalar da ƙwaƙwalwar mota ta ajiye. Idan an kunna makulli ba a tayar ba, matsin iska zai nuna na sararin wurin, a tudun Funtuwa wajen kPa 94. Idan mota na hawa da kaya an taka totur, ya kamata ya tashi sosai, a injuna da yawa har ya doshi ninki biyu. Idan bai tashi ba, akwai inda iska ke zuba ko turbo ta gaji, kuma an gano hakan ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Sai dai wasu tsofaffin Hilux masu gas ba sa magana da waɗannan manhajoji sai an sauya saitin haɗi, masu tsohon famfo zalla kuwa ba su da ƙwaƙwalwar da za a tambaya.

Su ma akwai gwajin da ya dace da su. A samu miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, a sa giya huɗu, wanda ke zaune a gefe, ba direba ba, ya riƙe waya da manhajar auna gudu ta GPS, ya ƙirga daƙiƙun da mota ke ɗauka daga kilomita 40 zuwa 80. A yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, da kaya iri ɗaya, a rubuta. Bayan kowane gyara a maimaita. Kunne yana yaudara: mota mai ƙara tana kama da mai ƙarfi, musamman ga wanda ya riga ya biya kuɗi. Agogo ba ruwansa da wannan.

Akwai kuma masu yi wa ƙwaƙwalwar mota sabon saiti, kamar yadda ake yi wa waya filashin. Wannan kam yana ƙara ƙarfi a injin turbo fiye da kamshaf, kuma ba a buɗe inji. Amma kamar filashin ɗin waya, fayil ɗin da aka sauko da shi daga inda ba a sani ba yana iya kashe abin gaba ɗaya, kuma ƙarin mai yana nufin ƙarin zafi a kan fistin da ƙarin nauyi a kan kulochi. A kan injin da nozul ɗinsa suka gaji, saurin kai shi ƙasa kawai zai yi.

Lokacin da sauya kamshaf ya zama dole

Akwai shi. Idan bakin mai ya taɓa ƙarewa, ko an daɗe ba a yi juye ba, ko an yi ta zuba mai mara kyau, tozon kamshaf yana cinyewa. Alamarsa ƙwanƙwasa daga saman inji da ba ta ɓacewa ko an saita bawul, silinda ɗaya ta yi rauni, mota na kakkarwa a tsaye. Bakanike zai buɗe murfin sama ya gani da ido, ya auna tozon ya kwatanta da na kusa da shi. Haka idan bel ya tsinke, kamshaf yana iya lanƙwashewa ko ya karye. A 2KD da 1KD kamfani ya ce a sauya bel duk kilomita 150,000, har da fitila a dashbod mai tunatarwa. Kashe fitilar ba tare da sauya bel ɗin ba ya fi kowane kamshaf hallaka injuna.

A wannan hali abin da ake nema shi ne irin na asali, mai lamba ɗaya da wanda aka cire, sabo ko ɗan Beljiyam mai lafiya. Ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A tafi da tsohon a hannu, a ɗora su gefe da gefe, a shafa tozon da farce a ji ko akwai zane ko rami, a duba wuraren da yake kwanciya ko sun yi shuɗi saboda zafi. Bayan an ɗaura, kafin a murɗa makulli, bakanike ya juya injin da sifana zagaye biyu cikakku, a tabbatar babu inda ya cije kuma alamomin taimin sun dawo daidai inda suka fara.